Jajibirin da ya faɗo ranar Asabar: yadda maƙwabciyata ta karɓi baƙin Idin Ƙetarewa a Mancesta

Mako guda bayan ƙaramar Sallar 2025, ranar Lahadi da hantsi, maƙwabciyata Bayahudiya ta ƙwanƙwasa mana ƙofa da manyan ledoji biyu a hannu. Taliya ce a ciki da biskit da fulawa, har da burodin da ta ciro daga firiza. Ta ce in ba zan ji komai ba in karɓa, don nan da Juma'a ba a son irin wannan abinci a gidanta. Na yi godiya, na ce ta shigo ta sha shayi. Ta zauna a bakin kujera kamar mai jiran a kira ta, idonta duk ya faɗa.

"'Yar'uwa, bana a gidana za a yi Idin Ƙetarewa," in ji ta. "Mutum goma sha huɗu. Kuma jajibirin ya faɗo ranar Asabar."

Ban gane nauyin wannan magana ta ƙarshe ba a lokacin. Sai da na kwashe kwana shida ina shiga ina fita kicin ɗinta sannan na fahimci abin da ya hana ta barci.

Gidan da mutanensa

A Prestwich muke zaune, arewacin Mancesta, garin da ya fi ko'ina yawan Yahudawa a Birtaniya in an cire Landan. Gidajenmu manne suke, bango ɗaya ya raba mu. Ita da maigidanta masu riƙo da addini ne sosai, kakanninsu daga gabashin Turai suka zo, wato ɓangaren da ake kira Ashkenazi. 'Ya'yansu uku, babba shekara 11, auta 5. Tun da aka ɗaura musu aure a gidan surukarta ake yin daren idi, ita nata ta kai tukunyar miya ta taya wanke-wanke. A hunturun da ya wuce tsohuwar ta faɗi ta karye a ƙugu. Da yake aikin jinya nake yi, ni nake leƙa ta bayan an sallame ta daga asibiti, ta nan zumuncinmu ya ƙara ƙarfi. Mama nake ce mata, ita kuma ta ce mini "'yata".

Na san abin da ke zuwa zuciyar mai karatu da an ambaci Bayahude a shekarar da Gaza ke cikin wuta. Yana zuciyata ni ma. Mun yi maganar da maƙwabciyata ba sau ɗaya ba, akwai inda muka haɗu, akwai inda kowa ya tashi da nasa. Haƙƙin maƙwabtaka dai bai faɗi ba, shi na riƙe.

Idin Ƙetarewa, da suke kira Pesak, tunawa ne da fitar Bani Isra'ila daga bautar Fir'auna a Masar ta hannun Annabi Musa, labarin da duk wanda ya yi makarantar allo ya sani. Yana farawa daren 15 ga watansu na Nisan. Kwana bakwai ake yi a Isra'ila, takwas a sauran ƙasashe, kuma a wajen Isra'ila dare biyu na farko duk ana zaman da ake kira Seder. Ma'anar kalmar "tsari", don zama ne mai matakai goma sha biyar da ake bi daga littafin Haggada, abinci na zuwa ne can wajen ƙarshe. A 2025 daren farko ya kama Asabar 12 ga Afrilu.

Abin da ke cin ƙarfin matan gida shi ne hames. Duk abin da aka yi da alkama, ko sha'ir, ko wasu danginsu uku da ba mu nomawa (ots da rayi da sfelt), in ruwa ya taɓa garin ya wuce minti 18 ba a gasa ba, ya zama hames. Ba cinsa kawai aka hana ba. An hana a mallake shi, an hana a gan shi a gida har idi ya wuce. Abin da ake ci a madadinsa shi ne matsa, burodi falle-falle marar yisti mai ƙaras-ƙaras, don tuna cewa kakanninsu sun fita da gaggawa kwaɓinsu bai tashi ba.

Sharar da maƙwabciyata ta fara ta kusa kayar da ita. Kwana biyu ta yi tana wanke labule da goge tagogin bene, ɗakunan da ba a taɓa cin abinci a ciki ba. Surukarta ce ta tsayar da ita da wata magana da suke yi a tsakaninsu, cewa ƙura ba hames ba ce, yara kuma ba su ne ragon hadayar idi ba. Daga nan ta taƙaita ga inda burodi ke iya zuwa: kicin, falo, jakunkunan makaranta, aljifan riguna, da mota. A ƙarƙashin kujerar auta a mota aka kwaso ɓarɓashin biskit cikin tafin hannu.

Kicin kuwa sai da aka mai da shi sabo. Dama a gidan kwanukan nama daban, na madara daban. Na idi ma haka, saiti biyu, suna kulle cikin kwalaye a saman silin gidan surukarta, aka ɗebo su a mota sawu uku. Tukwanen ƙarfe da cokula da za a ci gaba da amfani da su, an wanke su, an bar su awa 24 ba a taɓa ba, sannan aka tsoma su a tafasasshen ruwa. Tangaran da kayan yumɓu ba su tsarkakuwa, sai dai a kulle su. An kwarara ruwan zafi a sinki, an kunna oben har ƙarshen zafinsa, aka lulluɓe kantoci da takardar alminiyam har kicin ya koma yana ɗaukar ido. Abin da ya yi tsada da yawa a zubar, an tara shi a kabad ɗaya aka liƙe da salatif, maigidan ya je ya sa hannu a takarda wajen malaminsu, rabai, don a sayar wa wanda ba Bayahude ba, a sake saye bayan idi. Cinikin gaske ne a dokarsu. A Isra'ila ma, hames ɗin gwamnati gaba ɗaya wani Balarabe Musulmi daga garin Abu Ghosh, Hussein Jaber, ya shafe shekaru yana saye.

Duk wannan aikin kowace shekara ne. Na bana ya fi shi.

Inda gizo ke saƙar

A shekarar da aka saba, jajibiri ita ce ranar aiki. Da safe a ƙona ragowar hames, da rana a yi girki, a gasa, a shimfiɗa teburi, rana na faɗuwa a zauna. To a 2025 jajibirin Asabar ce, ranar da Bayahude mai riƙo ba ya girki, ba ya kunna wuta ko lantarki, ba ya rubutu, ba ya hawa mota. Bayan haka akwai wata doka da ta fi ɗaure hannu: ba a yin wani shiri a ranar Asabar saboda ranar da ke biye, ko da aikin halal ne a kansa. Jera faranti halal ne, amma jera shi da rana don zaman dare haram ne. Ke nan duk abin da za a yi sai an gama shi kafin faɗuwar ranar Juma'a, ko a jira taurari su fito daren Asabar, kuma a Mancesta a tsakiyar Afrilu wannan kusan ƙarfe tara ne.

Ga kuma wani ƙulli. Asabar na da haƙƙinta: a ci abinci da burodi biyu cikakku daren Juma'a da safiyar Asabar. Matsa ba ta halatta a jajibiri, don ana so a ci ta da marmari da dare. Burodi kuwa hames ne, gidan kuma an riga an tsarkake shi. Dole a shigo da abin da aka yi mako ana kora, a ci shi a gidan, a ɓatar da ɓurɓushinsa kafin wani ƙayyadadden lokaci da hantsi.

Irin wannan haɗuwa ba kullum take zuwa ba. Ta faru a 2001, 2005, 2008 da 2021, daga ta 2025 kuma sai 2045. A 2021 dokar korona ba ta bari an taru a gidaje ba, don haka rabon surukarta da karɓar taro a irin wannan shekara tun 2008, abin da take tunawa kaɗan ne. Maƙwabciyata ta je wa'azin da rabai ya yi wa mata, ta dawo da takarda shafi huɗu. Abin da ta yi da takardar shi ne, a ganina, ya ceci gidan. Ta ɗauki babbar takarda ta manna a jikin firji, ta rubuta lokacin kunna kyandir na yammacin Juma'a, wato shigowar Asabar a wajensu, a ƙasa, ta ja layi, sannan ta riƙa lissafi tana komawa baya: me zai gama kafin wannan layi, me zai gama kafin wancan ya yiwu. Ba a fafe gora ranar tafiya, a nan kuwa ranar tafiyar ma an hana taɓa wuƙar.

Sai batun baƙi. Daga yammacin Juma'a zuwa daren Litinin babu hawa mota, kwana uku cur, Asabar da ranakun idi biyu. Duk wanda ba zai iya takowa ba sai ya kwana. Mama ta samu ɗakin ƙasa saboda ƙugunta. Ƙanwar matar gidan da mijinta da 'ya'yansu biyu daga Didsbury suke, can kudancin gari, aka ba su ɗakin yara, yaran gida suka koma katifa a ƙasa.

Mijin ƙanwar nan asalin danginsa Halab ne ta Siriya, wato Sefardi, kuma su suna cin shinkafa a idi. Ashkenazi ba sa ci, haka wake da masara da danginsu, abin da suke kira kitniyot. Ba hames ba ne, al'ada ce ta ɗaruruwan shekaru da ta zauna daram. Matar gida ta so ta dafa masa 'yar tukunya daban don kada ya ji baƙunta. Surukarta ta ce a cikin tukwanenta ba za a dafa shinkafa ba. An yi kwana guda ana gaisuwa sama-sama. Mutumin da kansa ya kashe maganar ta waya, ya ce kwana uku ba shinkafa ba ya kisa, amma a bar shi ya kawo haroset irin na gidansu. Haroset wani kwaɓi ne mai zaƙi da ke wakiltar lakar ginin da bayi suka kwaɓa a Masar. Na Ashkenazi tuffa ce da kirfa da 'ya'yan itace masu ɓawo da ɗan giyar inabi, na mutanen Halab kuwa dabino ne ginshiƙinsa. Da na ji haka na ruga gida na ɗauko kwalin dabinon da ya rage mana na azumi, mai kyau, ba a ko buɗe ba. Ta juya kwalin tana neman hatimin da ke nuna an tantance shi don idi, babu. Ta riƙe hannuna ta ce, "Kada ki ji haushi, 'yar'uwa. Wani dabinon ana shafa masa zaƙin da aka tatso daga alkama." Na ɗan ji wani abu a raina, ba zan ɓoye ba. Amma ni ma na sha mayar da alawa kan kanta a shago saboda ban san daga wace dabba aka samo sinadarinta ba.

Akwai ɗan ƙanin maigidan da jikinsa ba ya karɓar alkama, ciwon da likitoci ke kira siliyak. Cin matsa a daren wajibi ne, sai an nemo masa wadda aka yi da ots da aka tace, mai tsada, mai saurin ƙarewa a shaguna. Wannan tun watan Maris ta saya. Na ba ta shawara ta ware masa faranti da mayafin rufewa nasa, don matsa tana da ɓarɓashi kamar me, kuma hannu goma sha huɗu za su yi ta karya ta a teburi ɗaya.

Kowa zai sha kofi huɗu na inabi a daren. Malamansu sun saɓa kan girman kofin, wasu sun ce mililita 86 ya isa, wasu sun kai shi 150. Ta ɗauki 100. Mutum 14 daren farko, 9 dare na biyu, kofi 92 ke nan, lita tara da 'yan kai. Ta sayi kwalba 14, kusan rabi ruwan inabi ne marar maye saboda yara da Mama da ke shan magani.

A kan wannan ne muka yi wata magana da na daɗe ina tunawa. Ta yi ta kewaye-kewaye tana so ta ce wani abu, ashe kunya take ji ba ta gayyace ni ba. A dokarsu an yarda a yi girki ranar idi amma don masu idin kawai, shi ya sa gidaje masu tsanani ba sa gayyatar wanda ba Bayahude ba. Na ce ta kwantar da hankalinta, ni ma addinina bai bar ni in zauna a teburin da ake zagayawa da giya ba, ina ta tunanin yadda zan ƙi ba tare da na ɓata mata ba. Muka yi dariya, kowa ya sauke nauyi. Saboda haka abin da zan faɗa na daren, daga bakinta na ji shi ranar Talata, sai ɗan abin da bango ya shigo mini da shi.

Alhamis da Juma'a

Komai an yi shi tun kafin lokacin da aka saba. Azumin 'ya'yan fari, da aka saba yi a jajibiri, ya dawo Alhamis. Binciken hames ma daren Alhamis aka yi. Wannan na gani da idona. An kashe fitilu, yara sun ɓoye gutsure goma na burodi, kowanne a naɗe cikin takarda. Maigidan ya kunna kyandir, ya riƙe gashin tsuntsu da cokalin katako, yana bin lungu-lungu suna binsa a baya suna danne dariya. Tara aka samu. Auta ta manta inda ta sa na goma. Minti ashirin ana nema, fuskar uban ta fara canzawa, don gutsuren da aka san yana nan ba a kwana da shi. A cikin takalmin ruwan sama aka same shi. Uwar ta rubuta a takardar firji: baɗi a rubuta wuraren ɓuya.

Juma'a da hantsi aka ƙona abin da aka tara, amma ba a karanta kalmar sallamawa ta ƙarshe, ta barranta da duk hames, ba, tunda akwai sauran burodin Asabar a gida. Ta zaɓi ƙananan burodin Larabawa masu faɗi maimakon kitsattsen burodin da suka saba, don ba su da ɓarɓashi, ta ƙirga daidai bakin mutane, ta ƙulle a leda ta ɗora a saman kabad inda hannun yaro ba ya kai.

Ranar na ɗauki hutu. Aikina wanke latas, ganye-ganye, ina ɗagawa a hasken taga ita tana dubawa, don ƙwaro ko ɗaya ba ya halatta. Ta gasa ƙashin kaza da ƙwai na farantin Seder, ƙashin don tuna hadayar da ake yi a Ƙudus a da. Ta haɗa ruwan gishiri, alamar hawaye, ta dafa dankalin turawan da za a tsoma a ciki. Maigidan ya fita bayan gida ya goge wata farar saiwa mai hawa kai, ita ce ɗacin bauta, yana gogawa hawaye na zuba, ya danna ta a kwalba ya rufe gam don kada ƙarfinta ya tsere kafin gobe da dare. Miyar kaza da curin garin matsa, naman saniya da aka dafa cikin romo (ba sa cin gasasshe a daren), kifi, dankali, duk aka gama aka jera a firji, aka liƙe makunnin fitilar firjin don kada buɗe ƙofa ya kunna ta.

Shawarar da ta fi kowace amfani ita ce ta teburi. Tunda ba a shimfiɗa shi ranar Asabar, in aka jira dare kuma za a ɓata minti arba'in yara na gyangyaɗi, sai ta shimfiɗa shi tun Juma'a a falon gaba. Farin mayafi, kofuna, littafi a gaban kowace kujera, matashin jingina, kofin da ake cikawa don Annabi Iliyasu a tsakiya. Ta rufe ƙofar ta murza makulli. Abincin Asabar duk a kicin da bayan gida aka ci, a farantan roba na yarwa.

Saura wuta. Ranar idi an yarda a yi girki, amma ba a ƙyasta sabuwar wuta, sai dai a ɗiba daga wadda ke ci. Ta kunna kyandir mai kwana uku cikin gilashi, ta bar kan gas ɗaya yana ci ƙasa-ƙasa da faifan ƙarfe a kai. A nan na sa baki da ƙarfi. Gas na ci kwana uku a gidan da mutum goma ke kwana, ga tsohuwa ga yara, iskar da ke kisa ba ta da wari. Ban bar gidan ba sai da aka sa sabon batir a na'urar gargaɗi aka kuma bar tagar kicin a ɗan buɗe. Farantin ɗumama abinci na lantarki kuma aka haɗa shi da taima, ya kunna kansa ƙarfe tara na daren Asabar.

Asabar

Maza sun tafi ibada da sassafe, sun dawo, aka zauna cin burodi a bayan gida kan shimfiɗar leda, kowa da tishu a ƙarƙashin haɓa. Kafin ƙarfe goma da rabi an gama. Aka kakkaɓe riguna, aka kurkure baki, ɓurɓushi aka zuba a masai aka kora da ruwa. Burodi biyu suka rage, na zagaya na karɓa kamar yadda muka shirya, don ba da shi kyauta ga wanda ba Bayahude ba na cikin hanyoyin da aka yarda. Ina tsaye maigidan ya karanta sallamawar da harshen Aramiya, cewa duk hames da ke hannunsa, wanda ya gani da wanda bai gani ba, ya zama marar mai shi kamar ƙurar ƙasa.

Daga nan sai zama. Ta ce mini wannan wuni ne ya fi ba ta mamaki. Hannunta na ƙaiƙayin aiki, doka ta ce a'a. An kwantar da yara barcin rana, amma ba a ce musu "ku yi barci saboda dare" ba, don ko furta hakan shiri ne. Ita ma ta kwanta, ta yi barcin awa biyu, abin da surukarta ta ce a duk shekarun da ta yi tana karɓar baƙi ba ta taɓa samu a jajibiri ba.

Daren

Da taurari suka fito mata suka faɗi kalmar raba tsarkin Asabar da tsarkin idi, suka ɗebi wuta daga kyandirin gilashi suka kunna na idi, aka buɗe falon gaba. Maza na dawowa aka zauna, ba a ɓata ko minti biyar ba. Addu'ar kofin farko ta bana doguwa ce, don an haɗa ta da ta sallamar Asabar.

Matsalar ta fito daga inda ba a zata ba. Ta leƙa kicin wajen tara da rabi ta tarar farantin lantarki sanyi ƙalau, nama na kai kamar yadda ya fito daga firji. Taimar ta dijital ce, rabon da a yi amfani da ita tun hunturu, agogon Birtaniya kuma an matsar da shi gaba da awa ɗaya ranar 30 ga Maris. Maigidan ya saita tara, bai duba agogon cikinta ba. Sai goma za ta kunna, kuma ba a taɓa maɓallinta ranar idi. Ina nan farke a bayan bango, da ta ƙwanƙwasa da minti ɗaya ya ishe ni. Da na faɗa mata haka ranar Talata ta ce ba ta da ikon sa ni in yi mata abin da aka hana ta. Kan gas ɗin nan guda ɗaya shi ya ɗauki nauyi: miya ta hau, ta sauka, dankali ya hau, nama ya jira lantarki.

A falo kuwa ba wanda ya sani. Wajen ƙarfe goma na ji muryar auta ta bango, siririya, tana rera tambayoyi huɗun da ƙaramin gida ke yi: me ya bambanta wannan dare da sauran darare, me ya sa matsa kawai, me ya sa ganye mai ɗaci, me ya sa ake tsomawa sau biyu, me ya sa kowa ya jingina. Ta tsaya a tsakiya, shiru, sai na ji muryar Mama ta ɗago ta, sannan gidan duka ya amsa. Duk karatun da ke biyo baya amsa ce ga yarinyar. Da aka zo annoba goma da suka sauka wa Masar, kowa ya ɗiga inabi goma daga kofinsa a gefen faranti, ana cewa murna ba ta cika tunda wasu sun halaka, ko da maƙiya ne.

Abinci bai sauka ba sai sha ɗaya da rabi, ga kuma wani wa'adi na jira. Gutsuren matsa na ƙarshe, afikoman, wanda yara ke sacewa su ɓoye sai an yi musu alkawarin kyauta, ana so a ci shi kafin tsakiyar dare, wanda a ranar ya kama wajen ƙarfe ɗaya. Aka ci nama a gurguje. Cinikin afikoman da yara ke jira shekara guda aka yanke shi a minti biyu, ɗan tsakiya ya yi kuka. Wannan ne ya fi ci mata rai, fiye da naman da tsakiyarsa bai yi zafi ba.

A nawa ganin, ko da taima ba ta yi kuskure ba, girkin ya yi yawa. Mutumin da ya ci matsa mai yawa da ɗaci da kofi biyu da sha ɗayan dare, miya da abu ɗaya sun ishe shi. Ta yi kifi, ta yi nama, ta yi kayan zaƙi iri uku da ba wanda ya taɓa, saboda tana auna kanta da teburin surukarta. Kwana biyun da labule suka ci, da yammacin Laraba da kek ya ci, da sun isa a zauna a gwada kowace na'ura. Kuma ta riƙe aiki da yawa a hannunta. Ƙanwarta ta yi tayin kawo dafaffen abinci daga kicin ɗinta da aka tsarkake, ta ce a'a don kada a ce ta gaza. Na faɗa mata wannan, ta yi shiru, ta ce Mama ma haka ta ce.

Dare na biyu, da mutum tara da ragowar abinci, ya tafi sumul. Taima ta sake makara da awa ɗaya, amma yanzu an san da ita, aka ɗora komai da lissafinta. Yaron ya samu cinikinsa, ya tashi da alkawarin keke.

Idi ya fita daren Lahadi 20 ga Afrilu. Washegari na taya ta naɗe kofuna a jarida muna mayarwa kwali. Wannan karon ba gidan Mama za su koma ba, silin ɗinta za su hau. Ta ciro takardar firji, duk ta yi ɗigon mai, ta juya bayanta ta rubuta 2045 da manyan lambobi, ta jera abin da ta koya a ƙasa. Auta za ta kai shekara 25 a lokacin. Ta manna takardar a cikin murfin kwalin da salatif, layin farko yana cewa a duba agogon taima ranar Alhamis.